Legas ɗin da muke nuna wa baƙi

Wayar takan shigo ne da daddare: "Ga mu nan tafe, har mun wuce Zariya." Ba a tambaye ka ba, sanar da kai kawai aka yi. Shekarata 14 a Agege, amma har yau in na ji haka daga Kano sai murna da lissafi su taso mini tare. Murna, domin wanda ya kwana a mota, ya ci tafiyar kusan kilomita 1,000 don ya sada zumunci, ya gama maka komai. Lissafi kuwa saboda na san abin da zai biyo baya da zarar an ci abinci an miƙe ƙafa: "Yaya, yaushe za a kai mu mu ga teku?"

A gida baƙo na unguwa ne. Ka shimfiɗa masa tabarma a zaure ko a shagon samari, kafin magariba kwanuka sun fara fitowa daga maƙwabta. In yana son ganin gari, ka haɗa shi da yaro ya kai shi Kurmi ko Kantin Kwari, kai kuma ka tafi sabgarka. Nan kuwa ciki da falo ne, hayar shekara ake biya gaba ɗaya, mai gidan kuma yana ƙirga takalman da ke bakin ƙofarka. Ba yaron da za ka saka a danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, da baƙi ka kwanta da hankalinka. Kai ne masauki, kai ne ɗan rakiya, kai ne tafinta, kuma duk ranar da ka fita da su shagonka a rufe zai wuni.

Hanyar na haddace ta. A fita bayan sallar asuba kafin gari ya cushe, a hau gadar Third Mainland. Nan ne hira ke mutuwa a mota. Sama da kilomita 11 kana tafe a kan ruwa, ga gidajen Makoko can ƙasa a kan turaku, ga masunta a kwalekwale. Sai in ce musu a 1990 aka gama ta, zamanin Babangida, su gyaɗa kai ba tare da sun ɗauke ido daga taga ba. Dattawa kan nemi a kai su Bar Beach, domin ita suka sani tun lokacin da Ikko ke babban birnin ƙasa. Babu ita yanzu, an cike wurin da yashi ana gina Eko Atlantic. Mai son taɓa ruwan teku sai ya nausa Lekki, ya biya kuɗin shiga kai-da-kai. Daga nan gandun dajin Lekki, inda birai ke fizge biskit a hannun yara, da gadar nan mai lilo ta saman bishiyoyi, mita 401. Innata ta tsaya a gindinta ta ɗaga kai, ta ce ita ba za ta hau siraɗi tun a duniya ba.

Duk wannan ina jin daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Ba don baƙi ba, da ni kaina ban taɓa taka waɗannan wurare ba, kamar yadda na girma a Kano ban hau Dala ba sai da wani abokina Bayarabe ya matsa mini. Abin da ke damuna daban ne. A gida baƙo kan ga rayuwarka yadda take: abin da ka ci, inda ka kwana, bashin da ake binka ma wani sa'in a gabansa za a zo karɓa. A nan kuwa kunya ta sa muna ɗauko Legas ta aro mu ɗora masa. Mu yi shatar mota alhali kullum a tsaye muke cikin bas. Mu kai shi Victoria Island ya yi hoto a gaban benen da ko maigadinsa bai san mu ba. Ya koma da tsaraba da hotuna, gari ya ɗauka wane ya haye a Kudu. Bayan mako biyu buƙatu su fara sauka, na biki, na suna, na jari, in ka ce babu a ce Legas ta canza ka. Wa ya jawo? Mu ne muka shimfiɗa tabarmar.

Kawuna ne ya sa na sauya tsari. Da ya zo, rana ɗaya na ba teku, kashegari na kai shi gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, dab da dandalin Tafawa Balewa inda aka yi bikin 'yancin kai a 1960. A ciki akwai baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, a Ikoyi, ramukan harsashi na nan a jikinta. Kawu ya cire hula ya mayar, ya yi shiru ya daɗe. Ya ce yana saurayi aka kawo gawar Kano, kuma bai taɓa ganin garin ya yi tsit irin na ranar ba. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a. Ko hoto ɗaya bai ce a ɗauke shi ba.

Rana ta uku na tashe shi tun duhu, muka shiga danfo kamar kowa, kwandasta yana ihu, 'yan tasha suna dukan gefen mota suna karɓar nasu. Muka sauka kasuwar Mile 12. Tireloli daga Arewa jere, ana sauke kwandunan tumatir da attaruhu da buhunan albasa, taɓo har idon sawu, Hausa ake yi ta ko'ina kamar a 'Yankaba. Ya ga samarin garinmu da suke aika hotunan bakin teku gida, ga su da gammo a ka, wasu nan kan benci suka kwana. Ɗaya ya hango shi ya so ya ɓuya bayan mota, Kawu ya kira shi da sunan ubansa.

Da yake manomin rani ne a wajen Kura, sai ya tsuguna gaban wani dillali ya tambayi kuɗin kwando. Aka faɗa masa. Ya juyo ya kalle ni.

"Ɗan nan, nawa ka ce?"

"Haka ka ji, Kawu. Amma cire kuɗin mota, da na shingayen hanya, da wanda ya ruɓe kafin a iso."

Ya zauna kan buhu ya yi lissafinsa da yatsu, ya sake yi. Sannan ya ce in ara masa waya zai kira babban ɗansa a gona. Da muka koma Agege da yamma na ce gobe sai Badagry, ya ce a bar shi, in tafi in buɗe shagona, zai zo ya zauna mini a benci.