Motar-gida a hamada: sai da lissafin madugu

Tun da na zo yammacin Amurka nake ganin manyan motocin nan masu gado da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda nake kira motar-gida. Da na tara 'yan kwanakin hutu sai na yi hayar ɗaya, muka nufi Kwarin Mutuwa da ke jihar Kalifoniya, ni da iyali. Na dawo ina mai ra'ayin cewa babu hanyar da ta fi wannan daɗin ganin hamada da duwatsu, amma fa ga wanda ya shige ta da tunanin madugu. Wanda ya ɗauka a falonsa yake zaune, shi ne ke shan wuya.

Duk tsawon hanyar, ayarin gishirin da ke tashi daga yankin Agadas ya ratsa Tenere zuwa Bilma ne ke faɗo mini a rai. Madugu ba ya ɗaga ƙafa sai ya san rijiya ta gaba, ya san kwana nawa ke tsakani, ya san abin da salka za ta iya ɗauka. Motar-gida ita ma salka gare ta, tankin ruwa ne kawai a ƙarƙashin gado. Matsalarta famfo. Mutum ya murɗa, ruwa ya zubo kamar a gari, sai ya manta cewa yana da ƙarshe. A kwana na biyu na duba ma'auni na ga mun sha rabi, yawanci a wanke-wanke. Daga ranar muka koma awo da kofi. Kuma ba a cewa bari in ƙara jarkoki barkatai, domin kowace lita kilo guda ce, motar kuwa da ma nauyi ya ishe ta.

Kwarin nan ba wurin wasa ba ne. A can aka auna zafin digiri 56.7 a watan Yulin 1913, kuma wurin da ya fi zurfi yana ƙasa da teku da mita 86. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fita daga cikinsa ta yamma: cikin ɗan lokaci hanya ta haura da kai mashigar Towne, sama da mita 1,500. Akwai allo a bakin titi da ke cewa a kashe na'urar sanyaya ɗaki kada inji ya ɗau zafi. Na kashe, muka zuge gilashi, muka haƙura da gumi. Hawa ma da sauƙi, gangara ce ke kashe mutane. Na taka birki na taka, sai ga ƙauri ya cika motar. Allah Ya sa na sami gefen da zan tsaya, muka jira ya huce. Wani dattijo da ya tsaya duba mu ya ce in sa ta a giya ta biyu in bar inji ya riƙe ta, birki sai jefi-jefi. Raƙumi in ya gaji yakan durƙusa, kowa ya gani. Birki kuwa shiru yake yi har ya ƙwace.

Inda na ga Amurkawa sun yi abin yabo shi ne filayen gwamnatin tarayya, waɗanda a mafi yawansu za ka kafa zango kyauta har kwana 14. Daren da muka yi a irin wannan fili, babu fitila ko ɗaya sai taurari, ba zan manta da shi ba. Sai dai a kiyayi kwana cikin busasshen rafi, komai laushin yashinsa, don ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa kan iso da ambaliya alhali sama tana garau.

Inda na saɓa da su kuwa shi ne son kaɗaici. Da yawansu burinsu su je inda babu kowa, mota ɗaya tal, wayar ma babu sabis. Mutanen Azbin sun fi su sanin hamada nesa ba kusa ba, amma ba su taɓa mai da shigarta kai kaɗai abin alfahari ba. Taya ta fashe ko lagireto ya tsiyaye a irin wannan wuri, gado mai laushi da firiji ba su da abin da za su yi maka. Shi ya sa tafiyar da muke shiryawa ta hunturu mai zuwa, na ce ba zan tayar da mota ba sai wani abokina da iyalinsa sun yarda su biyo mu da tasu.