Alhaji da Kan Keken Tela

MAI UNGUWA: Alhaji, kan keken ɗinki ne a cinyarka, ko idona ne?

ALHAJI: Shi ne, ranka ya daɗe. Dubu arba'in nake bin wannan bawan Allah tun Sallar bara. Kullum gobe, kullum gobe. Yau na kwance goben na taho da ita.

TELA: Ni ban taɓa cewa ba zan biya ba.

ALHAJI: Yaushe za ka biya?

TELA: Gobe.

(Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san goben tela ba ta cikin kalanda.)

MAI UNGUWA: Wace kotu ce ta ba ka takardar ɗaukar kaya?

ALHAJI: Kotu? In biya kuɗin shigar da ƙara a kan kuɗina? Ofishin 'yan sanda ma na je, wai doka ta hana su kama mutum a kan bashi. Amma dai sai da suka tambayi kuɗin mai.

ƊAN BOKO (yana gyara tabarau, ba wanda ya gayyace shi): Gaskiyarsu, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ce. Sai alƙali ya yanke hukunci, sannan ma'aikacin kotu ya zo ya ɗauki kaya. Kai abin da ka yi, Tela na iya kai ka ƙara. Kuma ko kotun, akwai abin da ba ta taɓawa: tufafi, shimfiɗa, da kayan sana'a...

TELA: Allahu akbar! Boko ya yi rana!

ƊAN BOKO: ...na naira goma.

TELA: Na nawa?

ƊAN BOKO: Naira goma. Tsohuwar doka ce, tun zamanin Turawa.

ALHAJI: Madalla. A cire masa allura ɗaya, ni na riƙe sauran.

TELA: Ai keken ma ba nawa ba ne. Na uwargida ne, da kuɗin adashinta ta saya.

ALHAJI: To a ba ni katifa.

TELA: Kayan ɗakinta ne, iyayenta suka yi mata.

ALHAJI: Fanka?

TELA: Gudummawar gwaggonta.

ALHAJI: Kai me ka mallaka a gidan nan?

TELA: Bashin haya.

ƊAN BOKO: In dai kayan matar ne, tana da ikon zuwa kotu ta ce nata ne a sakar mata.

TELA: Wa ya ce maka kotu za ta je? Gidan Alhaji za ta je. Ga ta can ma tana ɗaura ɗankwali.

(Alhaji ya ɗan sauke keken ƙasa. Ya san ta.)

MAI UNGUWA: Alhaji, Allah ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

ALHAJI: Kuma Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya ce jinkirin mai hali zalunci ne. Jiya na gan shi da tsire!

TELA: Shi ma bashi ne.

MAI UNGUWA: Tsaya. Saura kwana shida Sallah. Tela, ina shaddata?

TELA: An yanka, ranka ya daɗe. Tana nan tare da ta Alhaji da ta 'ya'yansa tara. Keke kawai suke jira.

Zaure ya yi tsit. Alhaji ya rungumi kan keken, ya tashi da ƙyar.

ALHAJI: Muje in ɗaura maka da hannuna. Yaushe zan zo karɓar ɗinkin?

TELA: Gobe, in sha Allahu. Ka taho da kuɗin zare.