Kafin ka naɗe katifa, wa yake binka?

Hotunanku sun cika Facebook da WhatsApp, fararen riguna duk an rubuce su da maka, ana ta murnar an gama. Allah Ya sanya albarka, Ya sa iyaye su ci moriyar wahalarsu. Amma ƙannena da kuka karanta kasuwanci da akanta, ku ba ni aron hankalinku kafin ku naɗe katifa.

Dubi takardar kiliyarans ɗin da kake ta yawo da ita. Akwai gurbin laburare, akwai na ofishin kuɗi, akwai na sashenku da na ɗakin kwana, kowa sai ya buga hatimi cewa ba ya binka komai. Babu gurbin mai abincin da ta riƙa zuba maka shinkafa da wake a ƙarshen wata tana cewa ka kawo in an turo. Babu na mai shayi. Babu na mai fotokwafin da ya buga maka kundin kammala karatu ya ɗaure, ka ba shi rabi ka ce gobe. Babu na abokin ɗakinka da ya cika maka kuɗin rajista a aji uku. Su ba su da hatimi, shi ya sa kake shirin hawa mota ka sauya layi. Subhanallahi! Shekara huɗu ana koya maka cewa duk kuɗin da ya shigo sai an rubuta inda ya fito, ka ci jarrabawa a kai, amma naka bashin ko a bayan littafi ba ka rubuta ba.

Ka san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take. Ka san ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Ba sai na maimaita maka ba. Matsalar ita ce naira 3,000 ba ta yi maka kama da bashi. A wurin mai abinci kuwa wani yanki ne na cefanen gobe.

Yau ɗin nan ka ɗauki takarda. Suna, adadi, lokacin da ka karɓa. Wanda ka manta nawa ne, je ka tambaye shi, in kun saɓa ka biya mafi yawan. Fara da masu ƙaramin jari, su ne jinkirinka ya fi cutarwa. Wanda ba za ka iya biya yanzu ba, ka same shi ido da ido, ku yanke rana, ka ba shi lambar da ba za ka sauya ba. Alawus ɗin bautar ƙasa ya koma 77,000 tun 2025. In ka ware 10,000 duk wata, kafin ka cire kaki ka sauke 120,000. Wanda ya rasu, magadansa za ka nema. Sai ka nema da gaske ka rasa sannan ka yi sadaka da kuɗin a madadinsa, in kuma ya bayyana daga baya haƙƙinsa yana nan. Masu lamunin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, ku ma kada ku ce rabon gwamnati ne. Ba shi da kuɗin ruwa, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, amma sunansa bashi.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma yana gaba. Wanda ya saba raina ƙaramin bashi, da wannan hannun zai karɓi jarin kawu. Yawancinku kuna da tsarin sana'a, wani POS, wani kiwon kaji, wata sayar da atamfa ta intanet, jarin kuma daga dangi zai fito. Kawu zai turo 500,000 ya ce "je ka juya", kai kuma ka ce "na gode, Kawu", shi ke nan. Rance ne? Ƙiradi ne, wato jari nasa aiki naka, ku raba riba? Kyauta ce? Babu wanda ya tambaya, wai kunya. Ranar da kaji suka mutu, kawu zai ce rance ya ba ka, kai ka ce ai haɗin gwiwa ne, zumunci ya tsinke a kan maganar da minti goma za ta warware tun farko.

In rance ne, 500,000 za ka mayar, ko ka ci riba ko ka faɗi, ba kuma a sharɗanta ƙarin ko kwabo. In ƙiradi ne, riba ake rabawa da kaso, rabi da rabi ko ɗaya bisa uku, yadda kuka yarda. In an yi asara ba da sakacinka ba, jarinsa ne ya ragu, kai kuma wahalarka ta tafi a banza. In ka saɓa sharaɗi ko ka yi sakaci, kai za ka biya. Abin da bai halatta ba shi ne wanda ya fi yawa a gari: "zan riƙa ba ka 30,000 duk wata, jarinka kuma yana nan." Wannan kuɗin ruwa ne aka sauya masa riga. Kai da ka karanta lissafi, buga mana: 360,000 a shekara, kashi 72 cikin ɗari na jarin. Watan da ciniki ya yi sanyi daga cikin uwar kuɗin za ka ciro ka ba shi, yana murna, bai san jarinsa yake ci ba.

Ku rubuta adadi, nau'in yarjejeniya, kason riba, da ranar zaman lissafi, ko duk wata uku ne. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Buɗe asusu daban don kuɗin sana'a, kada kuɗin data da na ankon biki su fita daga cikinsa. In kawu ya ce "haba, ai kai ɗana ne", ka ce masa saboda ranar da ɗayanku ba ya nan ne, kada a bar magada da rantse-rantse.

Don Allah, ƙanena, kafin motar nan ta tashi, koma wurin mai abincin nan. Ƙanwata, ke ma. Ko rabi ne ku kai mata, ku gaya mata ranar cikon.