Kwana uku a rumfar taro ba za su maye gurbin gayauna ba

An sake shiga kakar koya wa matasa sana'a. Duk mai bin labaran ƙananan hukumomin Kano da Jigawa ya ga hotunan: rumfa, kujerun roba, samari da 'yan mata cikin riguna iri ɗaya. A yi kwana uku ana yi musu lacca, ranar rufewa babban baƙo ya miƙa keken ɗinki ko injin markaɗe da takardar shaida. Kafin sati ya zagayo, wasu kayan sun isa hannun dillalai. Tunda zaɓen 2027 na tafe, abin ƙaruwa zai yi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake juyawa a ɗora wa yaran laifi, wai zuciyarsu ta mutu. Yaron da bai taɓa riƙon wani abu nasa na wata shida ba, bai taɓa ware uwar kuɗi daga riba ba, me ake so ya yi da inji in ba sayarwa ba?

Iyayenmu sun fi mu sanin kan wannan lamari. A tsarin gandu, maigida kan yanka wa saurayi gayauna. Ya gama aikin gandu, ya wuce tasa gonar, abin da ya samu nasa ne. In ya yi sakaci da noman fari ciyawa ta danne masa gero, babu mai yi masa faɗa, kaka ce za ta tona masa asiri a gaban tsaransa. Yarinya kuwa uwa kan ba ta tunkiya ko 'yar akuya ta yi kiwo. Makarantun boko ma a da sun ɗauki wani abu daga nan, da lambun makaranta da ƙungiyar matasan manoma. Yau a makarantu da yawa lambun ya koma fili, noma kuma ya koma rubutu a allo.

A ɗauki yarinya 'yar ƙaramar sakandare a Kafin Hausa ko Garun Malam, ƙungiyar makarantarsu ta ba ta jar akuya guda da littafin rubutu. Akuya wata 5 take ɗaukar ciki. A cikin waɗannan watanni dole ta nemi dusa da harawa, ta san lokacin da tsadarsu ke tashi, ta kai dabbar allurar rigakafi, ta rubuta duk naira da ta fita. Bayan kaka a taru a filin gari, ta jawo akuyarta da 'ya'yanta gaban alƙalai. Wani dattijo da ya ga jiya ya ga yau a kasuwar Maigatari ko ta Wudil ya buɗe bakin akuyar ya duba haƙora, ya shafa gadon bayanta, sannan ya ce, “'Yata, nawa kika kashe, nawa kike sa ran samu?” Ta tsaya gaban manya ta ba da amsa daga littafinta. Ta koyi lissafi, ta koyi haƙuri da magana cikin jama'a. In ta zo ta huɗu, ta ji dalili daga bakin alƙali, ta koma gida ta gyara. Wace lacca ce za ta ba ta wannan?

Masu cewa a bar yara su fuskanci WAEC da NECO ba su taɓa tambayar kansu inda dubban masu takardun suke zaune yanzu ba. Masu cewa gasa na jawo hassada kuwa su je su kalli musabaƙar Alƙur'ani. Tun 1986 da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shirya ta ƙasa ake yin ta, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa. Yaron ƙauye ya zauna gaban alƙalai, ya yi kuskure a buga masa ƙararrawa, ya nutsu ya ci gaba. Wanda bai ci ba ya koma tilawa don baɗi. A Amurka ma ƙungiyoyin matasa da ake kira 4-H sun haura shekara 100 a kan haka: ɗan manomi ya yi kiwon maraƙinsa, ya kai shi baje kolin yankinsu a auna shi da na wasu. Mu da muke da gayya da sarkin noma da bikin dami dubu ba mu da buƙatar aron komai.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma a kansa ba na sassauci: alƙalanci na gaskiya. Ranar da ɗan dagaci ko ɗan shugaban jam'iyya ya zo na ɗaya da ramammen rago, an kashe gasar, an kuma koya wa yara cewa ɗan wane ake dubawa. Wannan ya fi rashin gasar muni. Shi ya sa ba na so a ga hoton kowane ɗan takara a filin.

Kuɗin da ake kashewa a rumfa da riguna da abincin taro ɗaya zai sayi awaki da irin riɗi da zoɓo ga makarantu da dama. Malaman gona na KNARDA da JARDA, hukumomin raya aikin gona na Kano da Jigawa, suna nan, shugabannin makarantu da masu unguwanni suna nan. Wani shugaban ƙaramar hukuma ɗaya cikin 44 na Kano ko 27 na Jigawa ya gwada da makarantu biyar a damina mai zuwa, ya sa ranar baje koli bayan an kai amfani gida, ya bar dattawan kasuwa su yi hukunci.