Dodo a littafin Kirista: a kashe shi, ko a yi abota da shi?

A tsakanin Kiristocin Amurka da Kanada masu son ƙagaggun labarai, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: shin ya dace marubuci mai bi ya mayar da dodon nan mai fuka-fukai da aman wuta abokin jarumi?

Masu cewa a'a ba da ka suke magana ba. Sura ta 12 ta Wahayin Yahaya, a Littafi Mai Tsarki, ta siffanta Shaiɗan da wani jan dodo mai kai bakwai da ƙaho goma. Michael O'Brien, marubuci ɗan Katolika a Kanada, littafi sukutum ya yi kan batun a shekarun 1990, mai suna A Landscape with Dragons. A ganinsa, idan yaro ya saba kallon dodo a matsayin aboki, an dushe masa idon gane mugunta. Irin dodon da waɗannan suke so shi ne Smaug na littafin marubuci Tolkien mai suna The Hobbit, 1937: kwance bisa tarin zinariya, ga daɗin baki, ga ƙeta, har sai da kibiya ta same shi.

Ɗaya ɓangaren kuma sun samu abin riƙewa a 2004, shekarar da Bryan Davis ya fitar da Raising Dragons, labarin yaron da ya gano mahaifinsa dodo ne a da, Donita K. Paul kuma ta fitar da DragonSpell, inda ƙananan dodanni ke taimakon jarumar. Masu karanta su kan kafa hujja da Ayuba sura ta 41, inda Allah da kansa yake ba da labarin Lewiyatan, hayaƙi daga hanci, wuta daga baki, amma halittarsa ce kamar sauran.

Ni dai ina ganin duk ɓangarorin biyu sun tsaya a kan fatar dodon, sun bar abin da ke ciki. Marubuci Kirista C.S. Lewis ne ya fi su hangen nesa. A The Voyage of the Dawn Treader, 1952, wani yaro mai son kai da tsiwa, Eustace, ya kwanta barci kan dukiyar wani mataccen dodo, zuciyarsa cike da kwaɗayi. Ya farka ya ga shi ne dodon. Munduwar zinariyar da ya zura a hannu ta nutse cikin naman ƙafarsa tana cizonsa dare da rana. Ya yi ta yagar fatar da faratansa, duk wadda ya cire sai ya tarar da wata a ƙasa, har sai da zaki Aslan ya sa nasa faratan, da zafi kuwa, ya tuɓe masa ita. Wannan dodo ba a kashe shi ba, ba kuma a yi masa kwalliya ba. Yaron da ya karanta wannan babi ya san cewa mugunta tana iya farawa daga shi kansa, abin da ba zai koya ba a labarin da kullum abokin gaba a waje yake.

Damuwar O'Brien tana da gindi, musamman ga ƙananan yara da ba su iya rarrabe alama da abin da take nufi ba. Amma hana littafi don hoton bangonsa lalaci ne. Gara ma iyaye su karanta babi biyu ko uku, su duba ko laifi yana da sakamako a labarin, ko kuwa jarumi yana yin abin da ya ga dama ya tsira.

Akwai ma ƙorafin da ya fi wannan damun masu karatu, ba a cika tattauna shi ba: wa'azin da ake cusawa da ƙarfi. Ana tsakiyar yaƙi, takobi a zare, sai jarumi ya tsaya yana bayanin ceto har shafi biyu. Yaro ɗan shekara 12 tsallakewa yake yi, ya nemi inda dodon ya sake fitowa.