"Gigin tsufa ne," in ji mai tsaron ƙofar ɗakin hoto

Karo na uku ke nan ina kai mahaifiyata a ɗauki hoton jijiyoyin wuyanta muna komawa gida ba a ko taɓa ta ba. Na farko an ce na'ura ta lalace, na biyu an ce mai aiki da ita ya tafi taro. Jiya kuwa na'ura lafiyarta ƙalau, mai ita yana ciki, sai aka haɗa mu da wani ma'aikaci a bakin ƙofa wanda ya naɗa kansa babban likitan ƙwaƙwalwa.

Shekara huɗu Inna tana fama da mantuwa, bayan ta daɗe da hawan jini. Likitanta ya bayyana mana cewa manyan jijiyoyi biyu na gefen wuya ne ke kai mafi yawan jini zuwa ƙwaƙwalwa, kuma idan kitse ya taru a bangonsu har suka ƙuntace, ana iya samun shanyewar ɓarin jiki, ko ƙananan toshewa da ke cin tunanin mutum a hankali ba a lura ba. Gwajin da ya rubuta, wanda ake kira Dofla, babu allura babu yanka: a shafa mai a wuya, a ɗora kan na'ura, ta nuna kaurin bangon jijiya da saurin gudun jini, kuma da wuya ya wuce rabin sa'a. Bai ce zai warkar da ita ba, ya dai ce da shi zai san maganin da ya dace.

Na miƙa wa ma'aikacin takarda da hannu biyu, na ce, "Ranka ya daɗe, an turo mu sikanin wuya." Bai ɗago daga wayarsa ba ya ce, "Me ke damun ta?" Na ce mantuwa. Sai a lokacin ya dubi Inna, ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma, ya ce, "Hajiya, yau wace rana ce?" Inna ta waiwayo ta dube ni, ta murza bakin mayafinta, ta sunkuyar da kai. Ya ƙyalƙyale da dariya a gaban jama'ar da ke zaune, ya ce, "Ka gani ko, Malam? Ƙwaƙwalwa ce ta tafi, kai kana zancen wuya. Gigin tsufa ne, ku bar wa masu ciki layi."

Madalla da wannan gwaninta! Abin da likitoci ke aunawa da jerin tambayoyi masu maki 30, shi ya kammala da tambaya ɗaya, waya tana hannunsa. Ashe kai da wuya ba a haɗe suke ba, mu ne jahilai muka zaci jini ta nan yake bi.

Amma wa ya ajiye shi a wurin ba tare da an koya masa ko yadda ake gaishe da tsohuwa ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ne ke da wannan larura ta mantuwa a duniya, sama da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu, kuma kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya nuna a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin ɗari ana iya hanawa ko jinkirtawa idan aka kula da irin su hawan jini, ciwon suga da shan taba. Gwamnati tana jin wannan, amma na'ura ɗaya ta ajiye wa mai ciki da mai ciwon hanta da tsoho, su yi ta kokawa a kanta, alhali manya idan kansu ya sara jirgi suke hawa. Mu ma jama'a ba mu fita ba, domin kalmar da ya jefe mu da ita daga bakinmu ya koye ta: da zarar dattijo ya fara maimaita magana sai mu ce gigi ne, mu tura shi ƙuryar ɗaki, ko awon jininsa ba mu yi.

An ba mu sabuwar rana, nan da mako shida. A hanyar komawa sau uku Inna tana tambayata ko an duba wuyan nata.