Cheetah Ba Damisa Ba Ce

Ina ganin lokaci ya yi da malamanmu na Turanci za su daina fassara wa ɗalibai kalmar cheetah da damisa, domin damisa ita ce Turawa ke kira leopard, kuma dabbobi ne biyu mabambanta. Wadda ake kira cheetah siririya ce mai dogayen ƙafafu da ƙaramin kai, ɗige-ɗigen jikinta baƙaƙe ne cikakku, sannan tana da baƙin zane da ya sauko daga kowane ido zuwa gefen baki kamar sawun hawaye. Ba ta ruri, kuma faratanta ba sa komawa ciki gaba ɗaya irin na kyanwa. Tsofaffin ƙamusoshin Hausa sun kira ta rabbi, sunan da yau ba kasafai ake jin sa a bakin matasa ba, ko da yake har yanzu akwai 'yan kaɗan daga cikinta a yankin duwatsun Termit na Jamhuriyar Nijar.

Kalmar ma ba asalin Turanci ba ce. Ingilishi ya aro ta daga Hindi, inda ake cewa cita, ita kuma ta samo tushe daga wata kalmar Sanskirit, wani tsohon harshen Indiya, mai nufin abu mai rodi-rodi. A Indiya Turawa suka tarar da sarakuna suna horar da dabbar don farautar barewa, musamman tun zamanin Sarki Akbar wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, shi ya sa na tsawon lokaci ake ce mata damisar farauta a Ingilishi. Abin takaici, ƙasar da ta ba duniya sunan ita ce ta ayyana ƙarewar dabbar a cikinta a 1952, sai a Satumbar 2022 aka kai guda takwas daga Namibiya zuwa gandun dajin Kuno.

A maganar yau da kullum, abin da mai jin Turanci ke nufi idan ya ambaci cheetah shi ne gudu, saboda tana iya kaiwa kusan kilomita 100 a sa'a, kodayake na ɗan gajeren zango ne kawai kafin ta gaji. Da ita ake kwatanta ɗan tsere ko ɗan ƙwallo mai zafin nama, kuma ƙungiyar wasan rugby ta birnin Bloemfontein a Afirka ta Kudu sunanta Cheetahs. A nan ne fassarar damisa ke ɓata ma'ana, domin Bahaushe ya san damisa da zafin rai da ƙin sabo. Ɗalibin da ya karanta cewa wani ɗan wasa cheetah ne zai ɗauka ana zarginsa da faɗa, alhali yabon gudunsa ake yi.

Akwai kuma tarkon furuci. Yawancin mutanen Ingila ba sa furta harafin r na ƙarshen kalma, don haka cheetah da cheater, wato mai maguɗi, sauti ɗaya suke yi a bakinsu, har yara suna barkwanci da hakan. A rubutu dai harafin h na ƙarshe dole ne, jam'inta kuma cheetahs.